Jita Mai Karkataccen Ƙugu: Tarihin Matsalolin Jazzmaster da Jaguar da Hanyoyin Saita Su

Jita mai karkataccen ƙugu iyali ce guda a cikin jitocin lantarki, kuma ƙirar jikinta ce ta ba ta wannan suna. A jitar da aka saba gani, lotsawar nan biyu da ke tsakiyar jiki suna fuskantar juna daidai wa daida. A wannan kuwa, ta sama ta matsa gaba wajen wuya, ta ƙasa ta ja baya. Kamfanin Fender na garin Fullerton a jihar Kaliforniya ta Amurka ne ya fito da ƙirar a 1958 da jitar Jazzmaster, ya bi ta da Jaguar a 1962, sai Mustang a 1964. A duk jitocin kamfanin babu waɗanda suka sha suka kamar biyun farko. An shafe fiye da shekara 50 ana cewa tsirkiyarsu na zamewa, jakinsu, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa kansa, na kwaramniya, kuma ba sa zama a saiti. Koke-koken gaskiya ne, sai dai tushensu ba ɗaya ba ne. Wasu daga ƙirar suke, wasu daga sakacin masana'anta, mafi yawansu kuwa sun samo asali ne daga mantuwar da aka yi da yadda aka nufi a saita jitar tun ran gini.

Leo Fender, wanda aka haifa a 1909, ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne da ya buɗe shagonsa a Fullerton a 1938, kuma da idon kanikanci yake kallon jita. Telecaster da Stratocaster, waɗanda ya fitar a farkon shekarun 1950, sun kama kasuwar makaɗan karkara da na rok, amma makaɗan jaz sun riƙe manyan jitocinsu masu rami a ciki, irin na kamfanin Gibson. Su ne ya yi wa tarko da Jazzmaster. Makaɗin jaz a zaune yake kiɗa, don haka aka karkata ƙugun yadda jitar za ta zauna a cinya ba tare da ta rinjaya ba. Fender ya yi aikin tare da Freddie Tavares da Forrest White, aka baje jitar a kasuwar baje kolin kayan kiɗa ta Shikago a 1958 a kan dala 329.50, wato ita ce mafi tsada a jitocin kamfanin. Ita ce kuma ta farko a cikinsu da aka shimfiɗa wa katakon rozwud a fuskar wuya. Takardar mallakar ƙirar jikin ta fito a watan Nuwamba na 1960.

Ta fuskar lantarki an yi mata gata. Maɗaukan sautinta biyu masu faɗi ne, an naɗe wayarsu a shimfiɗe, abin da ke ba da sauti mai taushi da yalwa. An ba ta layin waya biyu: ɗaya na rakiya mai duhun sauti, ɗaya na jagora mai kaifi, da maɓalli guda na sauyawa tsakaninsu. Faɗin naɗin yana jawo gurnanin wutar lantarki, shi ya sa aka shimfiɗa tagulla a cikin ramukan jikin, aka kuma yi farantin fuskar da alminiyom mai ruwan zinariya. A 1959 aka maye gurbin farantin da na seluloid mai launin ƙoƙon kunkuru. Wannan sauyi ya bar wa tsofaffin jitocin gadon matsala, domin seluloid yana tsukewa da shekaru har ya matse maɗaukan sauti ya hana a ɗaga su ko a sauke su.

Inda rigimar take shi ne jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kansa a tsakiyar jiki, da kuma tiremolo, na'urar da ke da hannu da sifirin wadda makaɗi ke dannawa don ya girgiza sauti. A Stratocaster abu ɗaya ne ya haɗa ayyukan biyu. A Jazzmaster an raba su. Maɗaurin tsirkiya da sifirin suna can baya kusa da gindin jita, jakin kuma yana tsaye shi kaɗai a gaba, a kan ƙafa biyu masu tsini da ke zaune cikin wasu ƙananan kofuna na ƙarfe da aka dasa a katako. Ba a ɗaure shi da komai ba, nauyin tsirkiya ne kawai ke riƙe shi. Da gangan aka yi haka. Idan makaɗi ya danna hannun tiremolo, jakin kan rausaya gaba da baya tare da tsirkiyoyi, maimakon su riƙa gogar ƙarfe suna maƙalewa. In an saki hannu, komai ya koma mazauninsa. A kan jakin akwai sirdi shida, kowanne guntun ƙarfe ne mai tiredi, da ƙananan sukurori biyu na ɗaga shi da dogo guda na matsar da shi gaba ko baya. Tiredin ma da manufarsa: makaɗi ya zaɓi layin da yake so tsirkiya ta zauna, ya ƙayyade tazarar da ta dace da yatsunsa. An kuma sa wa tiremolon wani maɓallin kulle, ta yadda in tsirkiya ɗaya ta tsinke ana cikin kiɗa, sauran biyar ba za su fita saiti ba.

Dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi. Tsirkiya na danne jaki ne gwargwadon abu biyu: ƙarfin jan da ke kanta, da kuma tsayin gangaren da take bi daga kan sirdi zuwa maɗaurinta. Misalinsa igiyar shanya ce da aka tokare da sanda. In igiyar ta ɗame, sandar kuma ta ɗaga ta sama sosai, sanda ba ta ko motsi; in igiyar ta yi sako-sako ko sandar ta gajarta, iska kaɗan ke kada ita. Tunda maɗaurin Jazzmaster yana da nisa da jaki, gangaren kwance yake, dannawar kuma ba ta da yawa. A 1958 wannan bai zama matsala ba. Tsirkiyoyin zamanin masu kauri ne, lamba 12 ko 13 (ana kiran kowane jeri da kaurin siririyar cikinsa, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci), galibi masu sulɓi, kuma ta ukunsu ma naɗaɗɗiya ce. Bayan haka masana'antar kan cusa ɗan siririn ciko a ramin da wuya ke zama, a ɓangaren da ke kusa da jaki. Cikon kan kwantar da wuyan baya kaɗan, sai ya zama dole a ɗaga jakin sama, gangaren ya ƙaru, sirdi da sukurori su dannu su yi shiru. Wannan ciko da ba a ganinsa sai an kwance wuya yana cikin ƙirar kamar yadda sifirin yake cikinta, kuma rashin sanin haka ya jawo wa jitar mafi yawan baƙin jinin da ta yi.

Makaɗan jaz ba su karɓe ta ba. Joe Pass ya kaɗa jitocin wannan iyali a farkon shekarun 1960, amma irinsa ba su da yawa. Waɗanda suka rungume ta su ne samarin kiɗan bakin teku na yammacin Amurka, bayan ƙungiyar The Ventures ta yi fice a 1960. Kiɗansu na son tsirkiya mai kauri da tiremolo mai laushi, don haka jitar ta yi musu daidai. A 1962 aka fito da Jaguar a kan dala 379.50. Tsawon tsirkiyarta inci 24 ne, na Jazzmaster kuwa 25.5, tana da firet 22, wato siraran ƙarafan da aka dasa a fuskar wuya, kuma an kewaye maɗaukan sautinta da ƙarfe mai haƙora don rage gurnani. Carl Wilson na The Beach Boys yana cikin waɗanda suka tallata ta. Gajartar tsirkiya na nufin raguwar ja, saboda haka duk abin da ke damun jakin Jazzmaster ya fi tsanani a Jaguar. An kuma ƙara mata wani ƙarfe mai soso a gaban jaki don danne sauti. Soson kan ɗaga tsirkiya ya goce da sautin, da shekaru kuma ya bushe ya ƙandare. Yawancin makaɗa cire shi suka yi suka ajiye.

Abin da ya karya ƙirar daga waje ya zo. Tun ƙarshen shekarun 1950 wasu makaɗa, irin su James Burton, sun gano cewa in suka ɗaura siririyar tsirkiyar banjo a matsayin ta farko, suka matsar da sauran ƙasa suka yar da mafi kauri, za su iya tura tsirkiya da yatsa ta yi kuka. A 1962 Ernie Ball ya fara sayar da jerin sirara da ya sa wa suna Slinky, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare lamba 9 da 10 sun zama ruwan dare. Telecaster da Stratocaster ba su damu ba, domin tsirkiyarsu ta cikin jiki take bi, gangarenta a tsaye yake. A Jaguar kuwa lamba 9 ba ta da nauyin da za ta riƙe jaki. Makaɗi na buga ta da ƙarfi sai tsirkiya ta tsallake daga layin tiredi zuwa na kusa da shi. Ƙananan sukurorin da ba su dannu ba sukan warware da kansu saboda girgiza, sirdi ya sunkuya, jakin gaba ɗaya ya riƙa nutsewa a hankali har tsirkiya ta kwanta a kan firet. Ga kuma amon guntun tsirkiyar da ke bayan jaki, wanda ke amsa kowane bugu. Mai gyara da bai san aikin ciko ba, in ya kwance wuya ya gan shi, yakan ɗauka ha'incin masana'anta ne ya yar, sannan ya sauke jakin ƙasa don tsirkiya ta yi laushi. Da haka sai ya ninka cutar da ya zo warkarwa.

A daidai wannan lokaci kamfanin ya sauya hannu. A watan Janairu na 1965 Leo Fender ya sayar da shi ga kamfanin CBS a kan dala miliyan 13. Sababbin masu shi sun faɗaɗa masana'anta, suka ƙara yawan abin da ake ƙerawa. An yi wa wuyan Jazzmaster da Jaguar ado da farin baki a 1965 da manyan alamomi masu kusurwa huɗu a 1966, aka ƙara girman kai, daga baya aka koma fenti mai kauri. Forrest White, wanda ke kula da ƙira a masana'antar, ya ajiye aiki cikin shekara biyu da sayarwar bayan saɓani da shugabanni kan ingancin wasu sababbin amfilifaya. A shekarun 1970 aka fi kuka da jitocin Fender gaba ɗaya: katako mai nauyi, ramin wuya da ya fi wuyan faɗi, aikin gamawa na gaggawa. Adalci shi ne a faɗi cewa ba CBS ce ta ƙirƙiri matsalar jakin ba, kuma akwai jitoci masu kyau ƙwarai daga wannan zamani. Laifinta shi ne ta ga kasuwa ta koma siririyar tsirkiya, amma ba ta gyara jakin ba, ba ta kuma wayar da kan masu saye ba. An daina ƙera Jaguar a 1975, Jazzmaster a 1980. Ita kanta CBS ta amince da lalacewar al'amura, domin a 1981 ta ɗauko Bill Schultz da Dan Smith daga kamfanin Yamaha su farfaɗo da inganci, kuma a 1985 ta sayar wa Schultz da abokansa kamfanin a kan dala miliyan 12.5.

Baƙin jinin ne ya ceci jitocin. Sun cika shagunan jingina da na kayan hannu a farashi mai rahusa, a lokacin da tsohuwar Stratocaster ta fara fin ƙarfin talaka. Matasan makaɗa marasa kuɗi suka kwashe su. Tom Verlaine na ƙungiyar Television da Elvis Costello sun fito da Jazzmaster a 1977. Bayansu sai Robert Smith na The Cure, da J Mascis na Dinosaur Jr., da Thurston Moore da Lee Ranaldo na Sonic Youth, waɗanda suka mai da amon bayan jaki kayan aiki, suna buga wannan guntun tsirkiyar da gangan. Kevin Shields na My Bloody Valentine yakan riƙe dogon hannun tiremolon a tafinsa yana kiɗa, sauti na lilo a kowane bugu, kuma a kan wannan salo ya gina faifan Loveless na 1991.  A shekarar ce kuma Kurt Cobain na Nirvana ya yi fice da Jaguar ƙirar 1965 ta bahago, wadda aka riga aka sauya wa maɗaukan sauti, aka kuma ɗora mata jaki irin na Gibson.

A hannun waɗannan makaɗa da masu yi musu gyara ne aka tara magungunan da har yau ake amfani da su, wasu na kirki, wasu na jeka-na-yi-ka. Mafi sauƙi shi ne ɗiga wa sukurori maganin kulle tiredi, wato shuɗin Loctite, ko jan farce marar launi, ko kakin kyandir. Wannan yana aiki kuma ba ya ɓata komai, muddin ba a yi amfani da jan Loctite ba, wanda ba ya kwancewa sai da zafi. Wasu kan ɗauki magagari su zurfafa layi ɗaya a kowane sirdi. Wasu kan naɗe ƙafafun jaki da tef don ya daina rausaya. Wannan na ƙarshe ya dace ne kawai ga wanda ba ya taɓa tiremolo, domin jakin da aka hana motsi tilas tsirkiya ta goge shi, in ta goge shi kuwa ba ta komawa inda ta taso.

Maganin da ya fi yaɗuwa shi ne aro jakin Mustang, wanda ke shiga kofunan nan biyu ba tare da an huda komai ba. Sirdinsa dunƙulallen ƙarfe ne mai zurfin layi guda, ba shi da ƙananan sukurori, kaurin kowane sirdi ne ke bin lanƙwasar wuya. An rabu da zamewar tsirkiya da rabin kwaramniya ke nan a lokaci ɗaya. Amma yana da nasa sharuɗɗa. An yi shi ne don wuya mai lanƙwasar inci 7.25, irin na dā, don haka a kan wuyan zamani mai 9.5 tsirkiyoyin tsakiya kan yi sama. Tazarar tsirkiyoyinsa kuma ta kai wajen milimita 55, har na gefe biyu su kusa faɗowa daga bakin wuya. Sai kuma Buzz Stop, wata sandar ƙarfe mai juyawa da ake ɗaurawa a kan farantin tiremolo don ta danne tsirkiyoyi a bayan jaki. Tana ƙara gangare nan take, amma tana ƙara wurin guga, tana taurara hannun tiremolo, tana kuma kashe amon da wasu suka sayi jitar dominsa. Jaki irin na Gibson kuwa ba ya rausaya, kuma lanƙwasarsa inci 12 ce, saboda haka a kan tsohon wuyan Fender tsirkiyoyin tsakiya kan kwanta, na gefe su tashi. A cikin magungunan, shi ne ya fi nisa da manufar ƙirar.

Dawowar jitocin kasuwa ta buɗe wani sabon babin koke-koke. Reshen Fender na Japan, wanda aka kafa a 1982, ya soma sake ƙera Jazzmaster da Jaguar a tsakiyar shekarun 1980. Aikin katakonsu ya samu yabo, amma a ƙarƙashin faffaɗan murfin maɗaukin sautin Jazzmaster ɗin akwai siririn naɗi mai tsayi irin na Stratocaster, don haka sautin ya fi na asali tsini. A 1999 aka fara ƙera su a Amurka bisa ƙirar 1962. A 2008 masana'antar Ensenada ta Meziko ta fitar da jerin Classic Player, inda aka yi wa ramin wuya gangare tun daga inji, aka matso da tiremolo kusa da jaki, aka kuma sa jaki irin na Gibson. Squier, reshen kamfanin mai rahusa, ya fitar da samfurin J Mascis a 2011, jerin Vintage Modified a 2012, sai Classic Vibe a 2019. Jitar da a dā sai a shagon jingina ake samunta ta shiga hannun dubban masu koyo, da yawansu ta hanyar oda a intanet, ba tare da ta bi ta hannun mai saiti ba.

A nan ya kamata a bambance halin ƙira da aibin masana'anta, domin masu saye kan cakuɗa su. Kwaramniyar jaki a sabuwar jita mai siririyar tsirkiya al'amarin saiti ne. Aibin masana'anta daban yake, kuma akwai shi a kowane farashi, ko da yake ya fi yawa a masu araha. Akwai ɗan ƙashin bakin wuya da aka yanka wa layi mai matsi, wanda ke riƙe tsirkiya ya sake ta da ƙara. Mafi yawan jitocin da ake cewa tiremolonsu ba ya komawa saiti, ciwonsu a nan yake. Akwai firet da ya fi 'yan'uwansa tsayi, da bakin firet da ke fitowa yana yankar hannu idan katako ya bushe ya tsuke, abin da duk mai jita a ƙasar da ake hunturu ya sani. Akwai sukurorin jaki da tiredinsu ya yi sako-sako tun daga inji, da hannun tiremolo da ke lilo ko faɗowa saboda maƙoshin da ke riƙe shi ya buɗe, da bakin farantin da tiremolo ke juyawa a kansa wanda ba a goge ba, sai ya riƙa ƙas-ƙas. Akwai wayar ƙasa da ba ta taɓa kofin jaki ko tiremolo da kyau ba, jita ta yi ta gurnani. Duk waɗannan mai gyara na iya magance su da magagari da filaya da dalma. Amma karkataccen wuya, ko rodin cikin wuya da ya ƙi juyawa, ko kofunan jaki da aka huda a gurbin da ba nasu ba har tsirkiyoyi suka goce gefe ɗaya, waɗannan ba na saiti ba ne. Jitar da ta zo da su mayar da ita ake yi.

Saitin kansa yana da jeri, kuma wanda ya tsallake mataki zai sake aiki. Da tsirkiya ake farawa, domin komai a kanta ya dogara: lamba 11 ta wadatar da Jazzmaster, Jaguar kuwa ta fi jin daɗin 11 ko 12, ko da yake ana iya zama da 10 in gangaren ya isa. Sai a daidaita rodin wuya har a bar ɗan lotsawa a tsakiya, kimanin kashi uku cikin goma na milimita. Daga nan sai ciko. A dā da guntun kati ake yi, yanzu ana sayar da siririn weji na katako mai cike ramin wuya gaba ɗaya, a digiri 0.25 da 0.5 da 1, kuma shi ya fi, domin ba ya barin rata a ƙarƙashin wuya. Yawancin jitoci rabin digiri ko digiri ɗaya suke buƙata. Bayan an mai da wuya sai a ɗaga jaki da alanki ta cikin ƙafafunsa, har tsirkiya mai kauri ta kai kimanin milimita 2 sama da firet na 17, siririyar kuma 1.6. Kowane sirdi a tsayar da shi a kan ƙafafunsa biyu daidai, a ɗaga shi yadda tsirkiya ba za ta taɓa leɓen jaki na baya ko kan dogon sukuru ba, amma kada a wuce gona da iri. Sannan a tsayar da jakin a tsakiyar kofunansa don ya sami filin rausaya ta kowane gefe, a gyara layukan ƙashin wuya a sa musu garin fensir, a daidaita tsawon kowace tsirkiya da firet na 12. Sai an gama duk wannan ake ɗiga maganin kulle tiredi.

Tiremolo ne na ƙarshe, kuma shi aka fi jahilta. Sukurun da ke tsakiyar farantinsa na ɗame sifirin ne. Ana juya shi, ana sake ɗaure tsirkiyoyi a muryarsu, har maɓallin kulle ya riƙa shiga da fita ba tare da sautin ya motsa ba. A nan ne ma'aunin da aka ƙera na'urar a kansa yake. Jitocin Squier da yawa ba su da maɓallin, don haka da ji ake saita nasu. Akwai kuma sukurori biyu a farantin da ke daidai ƙarƙashin tsirkiyoyin gefe. In tsirkiya na gogar kansu takan warware daga gindi ta tsinke. Masu gyara kan juya sukurorin su shigo ta ƙasa, ko su ɗiga dalma a naɗin gindin tsirkiyar. Ɗaga jaki da ciko sau da yawa yakan kawar da wannan ma.

Daga 2008 ƙananan maƙera suka shiga fagen. John Woodland na birnin Minneapolis ya fitar da jakin Mastery, mai sirdi biyu kacal, kowanne na ɗauke da tsirkiya uku a zurfafan layuka, ƙafafunsa kuma sun cika kofunan don kada ya rausaya. Santsin sirdin ne ke barin tsirkiya ta zame. Nels Cline na Wilco da makaɗan Sonic Youth na cikin waɗanda suka fara amfani da shi. A Birtaniya kuma aka yi Staytrem, wanda ya riƙe rausayar asali da sirdi irin na Mustang, ya rage tazara zuwa milimita 52, ya sa nailan a sukurorin ƙafa don kada jaki ya nutse. Dukansu aiki ne mai kyau, amma kuɗin Mastery kan kai wani babban kaso na kuɗin jitar Squier sukutum, kuma jakin da aka ɗora a kan wuyan da ba a gyara kwanciyarsa ba zai ci gaba da ba da rabin abin da yake iyawa. Mai hikima da weji da tsirkiya yake farawa, in sun gaza sannan ya nemi sabon jaki.

Shi ma kamfanin Fender ya bi sahu a hankali. Jaguar ta makaɗi Johnny Marr, wadda ta fito a 2012, ta zo da sirdin Mustang da nailan a ƙafafun jaki da kuma a mazaunin hannun tiremolo. Jerin American Professional na 2017 ya ɗauki sirdi irin na Mustang da hannun tiremolo mai shiga da tiredi. Duk da haka ba a yar da tsohuwar ƙirar ba, domin akwai masu sonta yadda take. A 2022 kamfanin ya fitar da Jazzmaster ƙirar 1966 a jerin American Vintage II, da wuya mai lanƙwasar inci 7.25 da jaki mai rausaya irin na dā. Wanda ya saye ta zai buƙaci abin da mai saye a 1966 ya buƙata: tsirkiya mai nauyi, wuya mai ɗan kwanciya, da jaki a sama.